Daga Dakatarwa Zuwa Gyara: Yadda Wata Cibiyar Lafiya a Ingila Ta Dawo da Amanar Ma'aikatanta

Wurin da abin ya faru

Cibiyar da wannan nazari ya shafa, Mersey Care, tana yankin Liverpool ne, a arewa maso yammacin Ingila, ƙarƙashin hukumar lafiyar ƙasar da aka fi sani da NHS. Asalin aikinta kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, da masu naƙasar koyo, da waɗanda shaye-shaye ya kama. Ba asibiti ɗaya ba ce. Tarin asibitoci ne da ɗakunan shan magani da tawagogin ma'aikata masu bin marasa lafiya har gida, a warwatse a unguwanni da garuruwa, amma ƙarƙashin shugabanci guda. A cikinsu akwai ɗaya daga cikin asibitoci uku kacal masu tsauraran matakan tsaro a duk Ingila, inda ake tsare masu taɓin hankalin da ake ganin za su iya yi wa jama'a mummunar illa.

Mai aiki a irin wannan wuri yana yanke shawara ne cikin ƙiftawar ido. Mara lafiya ya harzuƙa: a riƙe shi ko a ja da baya? Wata ta ce ta samu sauƙi tana son fita shan iska: a bar ta ko a hana? Ko wacce ya zaɓa, abin na iya ɓaci. Mara lafiya na iya kai ƙarar ma'aikaci, dangi na iya kai ƙarar asibiti, abokin aiki na iya kai ƙarar abokin aiki. Saɓani ba baƙo ba ne a nan. Abin dubawa shi ne matakin da shugabanni ke ɗauka washegari.

Kafin 2016: yadda ake yi da wanda aka zarga

Tsarin da cibiyar ke bi a wancan lokaci bai bambanta da na sauran cibiyoyin NHS ba. Da zarar an samu matsala ko an shigar da ƙorafi, sai manaja ya sanar da sashen kula da ma'aikata, a naɗa mai bincike, a tattara bayanan shaidu a rubuce. Idan zargin ya yi nauyi, a dakatar da wanda ake zargi har sai an kammala.

A takarda, dakatarwa ba hukunci ba ce. Ana ci gaba da biyan mutum cikakken albashinsa, kuma wasiƙar da ake ba shi takan ce matakin ba ya nufin an same shi da laifi. A aikace kuwa abin ba haka yake ba. Za a umarce shi da ya bar wurin aiki nan take, kada ya tattauna maganar da kowa daga cikin abokan aikinsa, su ma a gargaɗe su kada su neme shi. Mutumin da ya shafe shekaru yana kwana yana tashi da waɗannan mutane sai ya wayi gari a gida shi kaɗai, ba ya sanin ranar da za a kira shi. Waɗanda aka bari a bakin aiki kuma sai zaman ɗar-ɗar: wa ya faɗi me, wa za a kira gobe. Ga kuma giɓin da ya bari, wanda dole a cike shi da ma'aikatan wucin gadi masu tsada da ba su san marasa lafiyar ba.

Matsalar tsohuwa ce a NHS. A 2003 ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya fitar da rahoto da ya nuna an dakatar da ma'aikatan lafiya sama da 1,000 a Ingila tsakanin Afrilun 2001 da Yulin 2002, kuma matsakaicin tsawon dakatarwar ya kai mako 47 ga likitoci, mako 19 ga sauran ma'aikata. A 2012 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar wasu ma'aikatan jinya biyu na wani asibitin masu taɓin hankali a Suffolk, ta ja kunnen masu ɗaukar aiki da su daina gaggawar dakatar da mutum da zarar an ambaci sunansa, tana mai nuni da irin ƙasƙanci da kaɗaicin da hakan ke jefa shi ciki.

Da cibiyar ta zauna ta duba nata alƙaluman, ta tarar da abin da ya ɗaga wa shugabanninta hankali. Yawan binciken ladabtarwa da dakatarwa ya yi sama, kuma kaso mai yawan gaske na waɗannan bincike na ƙarewa ne da cewa babu wani laifin da ma'aikacin zai amsa. Wato an ɗauki watanni, an kashe kuɗi, an raba mutum da aikinsa, daga ƙarshe an wanke shi. Sai dai wankewar ba ta mayar da shi yadda yake. Wani yakan wuce hutun rashin lafiya kai tsaye, wani ya dawo ya kama bakinsa har abada, wani ya ajiye aikin.

2013 zuwa 2015: manyan burika sun ci karo da shiru

Ba ta ƙofar jin daɗin ma'aikata aka gano matsalar ba. Ta ƙofar marasa lafiya aka gano ta.

A 2013 cibiyar ta fara wani shiri na rage amfani da ƙarfi wajen riƙe marasa lafiya a ɗakunan kwanciya. A 2015 ta ɗauki wani alƙawari mafi girma, wanda babu wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa a Birtaniya da ta taɓa ɗauka a bainar jama'a: kada a ƙara samun ko mutum ɗaya da zai kashe kansa cikin waɗanda ke ƙarƙashin kulawarta. Ta koyo wannan ne daga tsarin asibitocin Henry Ford na birnin Detroit a Amurka, wanda ya fara irin wannan yunƙuri tun 2001.

Irin wannan buri ba ya tafiya sai da bayanai. Dole a san ranar da aka makara wajen leƙa mara lafiya, da ranar da aka sallami wani ba a kira shi a kan kari ba, da ranar da aka sha da ƙyar. Kuma ba mai riƙe da waɗannan bayanai sai ma'aikacin da ke wurin. Da shugabanni suka fara zagayawa suna tambayar ma'aikata abin da zai hana a cimma burin, amsar da ta riƙa dawowa daga bakinsu da bakin wakilan ƙungiyoyin ƙwadago ita ce tsoron a ɗora musu laifi. A wajen mai aikin jinya, alƙawarin cewa ba wanda zai mutu yana iya zama barazana: idan wani ya mutu, ke nan dole a nemo wanda ya yi sake.

Abubuwan da ke hannu, waɗanda ba su wadatar ba

Ba a rasa kayan aiki ba. Tun farkon shekarun 2000 NHS ke da wani jadawalin tambayoyi da aka gina kan aikin masanin halayyar ɗan Adam James Reason, don taimaka wa manaja ya bambance kuskure da ganganci. Yana tambaya ko da niyya aka yi cutar, ko rashin lafiya ne ya sa, ko an kauce wa ƙa'ida da sani, ko kuma wani mai irin horon mutumin zai iya yin abin da ya yi a irin yanayin. Bayan badaƙalar rashin kula da marasa lafiya a asibitin Mid Staffordshire da rahoton binciken da lauya Robert Francis ya fitar a kanta a 2013, an kafa dokar da ta wajabta wa cibiyoyin NHS faɗa wa mara lafiya gaskiya idan an cutar da shi, a Nuwamban 2014. Wani rahoton Francis na 2015 ya haifar da naɗa jami'i na musamman a kowace cibiya wanda ma'aikata za su kai wa damuwarsu ba tare da tsoro ba.

Duk da waɗannan, ma'aikatan cibiyar sun ci gaba da yin gum. Jadawalin tambayoyin, duk kyawunsa, yana farawa ne daga wanda ake zargi, kuma yana ƙarewa da auna girman laifinsa; manajan da ke riƙe da shi shi ne mai yanke inda layin yake. Jami'in karɓar koke yana iya sauraron mutum, amma ba shi da ikon hana wasiƙar dakatarwa fita. Kira ga ma'aikata su fito su yi magana kuwa bai yi tasiri ba, tunda kowa ya san wani da ya yi maganar ya kwana a ciki.

2016: an canza tambayoyin

A 2016 shugabannin cibiyar, musamman shugabanta da daraktar sashen kula da ma'aikata, suka juya ga aikin Sidney Dekker, ɗan asalin ƙasar Holan, farfesa a Jami'ar Griffith da ke Brisbane a Ostareliya, wanda kuma ya taɓa tuƙa jirgin fasinja. Dekker ya ɗauko tunanin adalcin gyaran ɓarna daga fagen shari'ar masu laifi, inda Ba'amurke Howard Zehr ya shimfiɗa shi tun 1990, ya kawo shi wuraren aiki masu haɗari kamar sufurin jiragen sama da asibitoci.

Tsohon tsari yana tambaya: wace ƙa'ida aka karya, wa ya karya ta, wane hukunci ya dace da shi? Sabon kuma yana tambaya: wa aka cutar, me yake buƙata, kuma haƙƙin wa ne ya biya masa wannan buƙata?

Tambayar farko ita ce ta fi faɗi fiye da yadda ake zato. Na farko cikin waɗanda aka cutar shi ne mara lafiya da danginsa. Abin da suka fi buƙata galibi shi ne a faɗa musu abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, a nemi gafararsu, a nuna musu abin da aka canza don kada ya faru da wani. Sai ma'aikacin da abin ya faru a hannunsa. Tun a 2000 likita Albert Wu na Jami'ar Johns Hopkins ya ja hankali kan cewa shi ma abin na yi masa rauni, ya hana shi barci, ya sa shi shakkar kansa. Sai tawagar da ta shaida abin, sai ita kanta cibiyar.

Tambaya ta uku kuwa ita ce mai ɗaci ga shugabanni, domin amsarta ba ta tsayawa kan ma'aikaci. Idan mai jinya ta ba da magani ba daidai ba a daren da mutum biyu ke yin aikin mutum huɗu, akwai nata haƙƙin: ta ba da cikakken bayani, ta fuskanci wanda ta cutar idan ya yarda, ta taimaka a toshe kafar. Amma akwai na wanda ya tsara jadawalin aikin daren, da na wanda ya rubuta ƙa'idar da ba za a iya bi da hannu huɗu ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

2016 zuwa 2017: an sa ƙofa kafin dakatarwa

Ba a fara da faɗin cibiyar ba. An fara gwaji a wani sashe, tare da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago a kan teburi tun daga ranar farko, sannan aka faɗaɗa.

Babban abin da aka yi shi ne kafa mataki na tilas tsakanin faruwar matsala da buɗe binciken ladabtarwa. Kafin manaja ya ce a buɗe fayil a kan wani, sai an fara tattara bayanan farko, ciki har da na shi wanda abin ya shafa, an kuma tambayi wa aka cutar da abin da yake buƙata. Daga nan sai a bi wasu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Akwai ƙa'ida a rubuce kan wannan aiki? Ana iya aiki da ita a yanayin da ake ciki a ranar? Ma'aikacin ya san ta, an horar da shi a kanta? Da sani ya kauce mata? Shi kaɗai ne ke kaucewa, ko kowa haka yake yi shugabanni na gani? Akwai wanda ke duba aikinsa yadda ya kamata? Idan amsoshin sun nuna matsalar ta tsari ce, sai a rufe hanyar ladabtarwa a buɗe ta gyara. Idan sun nuna ganganci, kamar cin zarafin mara lafiya ko sata ko ƙarya a takardu, sai a bi tsohuwar hanya har ƙarshenta. Ba a soke ladabtarwa ba, an dai hana ta zama matakin farko.

Haka ita ma dakatarwa ta koma matakin ƙarshe. Sai an duba ko za a iya mayar da mutum wani sashe, ko a taƙaita masa wasu ayyuka, ko a sa shi ƙarƙashin kulawar wani har a gama dubawa.

An haɗa da wasu ƙananan canje-canje da suka taɓa rayuwar yau da kullum. Cibiyar na da al'adar rubuta rahoton farko cikin awa 72 bayan faruwar babbar matsala, amma a da rahoton kan haura sama ne, waɗanda abin ya faru a gabansu ba sa ganinsa. Sai aka ɗauki alƙawarin raba shi ga tawagar cikin mako guda. Wannan ya rage jita-jita, ya kuma ba mutane damar cewa ba haka abin ya faru ba tun da wuri. An bi takardun ƙa'idoji an cire kalmomin da ke yanke hukunci tun kafin a ji ta bakin mutum. An fara wallafa labaran ayyukan da suka tafi daidai, ba na ɓarna kaɗai ba. An zaɓi wasu ma'aikata daga sassa daban-daban, ba manyan jami'ai ba, a matsayin jakadun sabon tsarin, waɗanda abokan aikinsu za su iya tunkara. An kuma sa alƙaluman bincike da dakatarwa na kowane sashe cikin abin da shugabanni ke dubawa a kai a kai, ta yadda manajan da ya yawaita dakatarwa zai sha tambaya.

Ba lami lafiya aka wuce ba. Manajan da ya saba miƙa matsala ga sashen ma'aikata ya huta, yanzu dole ya zauna da mutanen da ransu ke ɓace ya saurare su, aikin da ba a horar da shi a kai ba. Akwai kuma fahimtar da ta yaɗu cewa sabon tsarin na nufin ba wanda za a ƙara hukuntawa, wadda ta sa wasu murna, wasu fushi, kuma aka daɗe ana gyara ta.

2018: shugabanni sun amsa nasu laifin, aka kuma gaji wani rauni

Waɗanda tsohon tsarin ya riga ya taɓa ba su da dalilin yarda da sabon. Matakin da aka ɗauka game da su shi ne ba su dama su faɗi abin da ya same su a gaban shugabanni, su kuma shugabannin suka amsa a fili cewa hanyoyin da suka bi sun cutar da ma'aikata. A 2018 Dekker ya shirya wani ɗan gajeren fim na gaskiya a cibiyar, inda ma'aikata suka ba da labarin dakatarwarsu da fuskokinsu a buɗe, manyan jami'ai kuma suka yi magana kan rawar da suka taka. An sake shi kyauta a intanet, ya zama abin koyarwa a wasu asibitoci.

A wannan shekarar cibiyar ta ƙara girma. Tun a 2016 ta haɗe da wani asibitin masu naƙasar koyo a Lancashire. A Afrilun 2018 kuma aka miƙa mata ayyukan wata cibiyar kula da lafiyar al'umma ta birnin Liverpool, wadda aka rushe. Wata biyu kafin nan, likita Bill Kirkup ya fitar da rahoton bincike kan wannan rusasshiyar cibiya, wanda ya nuna yadda tsuke bakin aljihu ya jawo cutar da marasa lafiya, yadda aka riƙa tsangwamar ma'aikatan da suka yi ƙorafi, da yadda aka riƙa dakatar da wasu na tsawon lokaci ba tare da gamsasshen bayani ba. Waɗannan ma'aikata ne suka shigo, da tabonsu. Adadin ma'aikatan cibiyar ya kai wajen 8,000.

Shigowarsu ta fito da wani ɓangare da ƙofar dakatarwa ba ta taɓa ba. Yawancin abin da ke ɓata zaman wurin aiki ba ya kaiwa matsayin bincike: tsawa a gaban mara lafiya, yin banza da gaisuwa, ware mutum daga hira, danna wa ƙarami aikin da ba wanda ke so. Don haka aka buɗe wani reshe na aikin kan mutunta juna, da kamfen na ƙarfafa wa wanda ya ga ana wulaƙanta wani gwiwa ya yi magana, da hanyoyin sasanta mutum biyu tun abin bai kai ga rubuta ƙorafi ba. Hujjar da aka riƙe ba ta ladabi kaɗai ba ce. Wani gwaji da aka wallafa a 2015, wanda aka yi da tawagogi 24 na sashen kula da jarirai a Isra'ila, ya nuna cewa 'yan kalmomin raini daga bakin wani baƙon ƙwararre sun rage ingancin gano cuta da na aikin hannu na tawagogin da aka yi wa.

2018 zuwa 2019: abin da ke faruwa a sauran ƙasar

Lamura biyu sun sa idon ƙasar ya koma kan wannan cibiya.

Na farko shi ne na Amin Abdullah, ma'aikacin jinya a asibitin Charing Cross da ke Landan. An kore shi a Disamban 2015 bayan binciken ladabtarwa da ya ja lokaci, ya kashe kansa a Fabrairun 2016, kwanaki kaɗan kafin a saurari ƙarar da ya ɗaukaka. Bincike mai zaman kansa da aka fitar a Agustan 2018 ya tabbatar ba a yi masa adalci ba. A Mayun 2019 shugabar hukumar da ke sa ido kan cibiyoyin NHS, Dido Harding, ta rubuta wa dukan cibiyoyin cewa dakatarwa ta zama matakin ƙarshe, kada mutum ɗaya ya yanke shawararta shi kaɗai, kuma hukumar gudanarwar kowace cibiya ta riƙa duba alƙaluman ladabtarwa.

Na biyu shi ne na Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya, wadda wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta a asibitin Leicester a 2011, a ranar da ake fama da ƙarancin ma'aikata da lalacewar na'urar fitar da sakamakon gwaji. Kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2015, aka soke sunanta daga rajistar likitoci a Janairun 2018, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi a Agustan shekarar. Dubban likitoci sun ga kansu a cikin lamarin. A 2018 ɗin NHS ta fitar da sabon jagora ga manajoji kan yi wa ma'aikata adalci bayan an samu matsala.

Daga nan cibiyar ta zama wurin zuwa koyo. Ta haɗa gwiwa da Jami'ar Northumbria wajen shirya horo na kwana huɗu ga shugabanni da wakilan ma'aikata na wasu cibiyoyi.

Sakamako

A 2019 aka wallafa nazari kan tasirin sabon tsarin, wanda ya haɗa hirarraki da ma'aikata da alƙaluman cibiyar na kafin canjin da bayansa. Ya nuna raguwar dakatarwa da binciken ladabtarwa, raguwar saurin hauhawar hutun rashin lafiya, raguwar barin aiki, ƙaruwar rahotannin matsaloli da ma'aikata ke kawowa da kansu, da ƙaruwar masu neman shawarar ƙwararru kan damuwarsu. Ya ƙiyasta ribar kuɗi ta kusan fam miliyan 2.5, wato wajen kashi 1 cikin 100 na dukan kuɗin da cibiyar ke kashewa.

Alƙaluman da cibiyar ta fitar a shekarun da suka biyo baya sun nuna dakatarwa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, binciken ladabtarwa da fiye da kashi 70, a daidai lokacin da yawan ma'aikatanta ya ninka. A 2021 ta sake haɗiye wata cibiyar maƙwabciya. A Agustan 2022 NHS ta Ingila ta fitar da sabon tsarin tunkarar matsalolin lafiyar marasa lafiya, wanda ya maye gurbin na 2015, ya kuma wajabta tafiya da dangi da ma'aikatan da abin ya shafa cikin tausayi.

Nazari: me ya yi aiki, me ya sa

A ganina abu biyu ne suka ɗauki nauyin wannan canji, sauran duk rakiya suka yi.

Na farko shi ne ƙofar da aka sa kafin bincike. Kiraye-kirayen canza hali an daɗe ana yin su a NHS ba su hana komai ba, domin manajan da ke cikin tsoro zai ɗauki matakin da zai kare shi, kuma dakatarwa ita ce mafi sauƙin kariya. Ƙofar ta juya lissafin. Yanzu wanda zai dakatar ne ke da aikin kawo hujja, wanda ya ƙi dakatarwa kuma yana da takardar da zai nuna. Ma'aikata ba jawabin shugaba suka gaskata ba. Sun ga abokin aikinsu ya yi kuskure ranar Litinin kuma yana bakin aiki ranar Laraba.

Na biyu shi ne shugabanni sun sa kansu cikin masu bashi. A nan ne abin ya rabu da irin sulhun da muka saba gani a ofisoshi da yawa, inda babba zai tara mutum biyu ya ce kowa ya yi haƙuri, komai ya wuce, a tashi. Wannan yana kashe magana ne, ba ya biyan wanda aka cuta, kuma kusan kullum ƙarami ne ke haɗiye haƙurin. Tambayar haƙƙin wa ne ba ta barin mai kujera ya zauna a matsayin alƙali kawai. Da an tsaya kan tambayoyi biyu na farko, da abin ya zama tausayi daga sama, wanda ake iya janyewa ranar da aka ga dama.

Ya kuma taimaka cewa an ɗaura aikin a kan rayukan marasa lafiya. Da an gabatar da shi a matsayin shirin jin daɗin ma'aikata, da shi za a fara yankewa ranar da kuɗi suka yi ƙaranci.

Alƙaluman kuwa suna buƙatar a karanta su da hankali. Cikin marubutan nazarin 2019 akwai shugaban cibiyar da daraktar ma'aikatanta da shi kansa Dekker, kuma ba a kwatanta da wata cibiyar da ba ta yi canjin ba, ga haɗe-haɗen da suka canza yawan ma'aikata da irinsu a tsakanin. Raguwar dakatarwa ba hujja ce mai ƙarfi ta dawowar amana ba, tunda ƙofar an gina ta ne don ta rage dakatarwa. Ko ma'aikata ba su yarda da kowa ba adadin zai sauka. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ƙaruwar rahotanni. Tun a 1996 Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta gano cewa tawagogin asibiti mafiya kyawun shugabanci sun fi kawo rahoton kuskure, ba don sun fi yin sa ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Mutum ba ya kai ƙarar kansa wurin wanda bai amince da shi ba.

Akwai kuma tambayar wa ke cin moriyar sassaucin. Alƙaluman NHS na ƙasa sun nuna a 2016 ma'aikata baƙaƙe da sauran 'yan tsiraru sun fi fararen fata yiwuwar shiga binciken ladabtarwa da ninki 1.56, zuwa 2020 ya sauko 1.16. Tsarin da ya ba manaja damar cewa wannan kuskure ne, wancan ganganci ne, yana iya rufe wannan giɓi, yana kuma iya faɗaɗa shi idan uzurin na zuwa ne ga wanda manajan ya fi jin yarensa. Ga dubban 'yan Najeriya da Gana da ke aikin jinya a Ingila, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jimillar raguwa ba ta amsa ta. Sai an rarraba alƙaluman bisa launin fata da matakin aiki, sashe-sashe, an ga su wa ƙofar ke tarewa, su wa kuma ke wucewa ta cikinta zuwa gaban kwamitin ladabtarwa.